Daga Teburin Mahauci Zuwa Ledar Kilo: Yadda Cinikin Nama Yake Sauya Salo a Kaduna

Duk wanda ya saba cefane a Kasuwar Barci ko Kasuwar Kawo ya san yadda cinikin nama yake tafiya tun kaka da kakanni. Mai saye za ta tsaya gaban tebur ta ce, "Sarkin Fawa, a yanko mini na dubu biyar." Mahauci ya wasa wuƙa, ya yanki tsoka, ya haɗa da ɗan ƙashi da guntun kitse, ya ɗaga a tafin hannu kamar mai jin nauyinsa, sannan ya ajiye. Ta dubi naman ta ce bai kai ba, shi kuma ya ce, "Hajiya, wallahi saniyar yau da tsada muka kamo ta a Zango." A yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ya ɗora yankin hanta ko tumbi a matsayin gyara, ya ƙulle a baƙar leda, a rabu ana raha. Tsakanin su biyun babu wanda zai iya faɗin nauyin abin da aka saya, domin a wannan ciniki ido ne sikeli, sabo kuma shi ne rasit.

A 'yan shekarun nan wani salon ya shigo gari yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wancan. A kantunan Barnawa da Malali da Unguwar Rimi mutum zai tarar da firiza cike da nama wanda an riga an yanyanka shi, an wanke, an auna rabin kilo ko kilo guda, an liƙe a leda da kuɗinsa a rubuce. Ga cinyoyin kaza zalla, ga fukafukai zalla, ga niƙaƙƙen nama na masu yin samosa, ga kayan ciki da aka wanke tas, ga ƙauri da aka babbake aka kankare aka sassara. Waɗanda ba su da kanti suna tallata nasu a WhatsApp da Instagram, a tura kuɗi ta waya, yaro ya kawo saƙo har ƙofar gida. Wasu na ganin abin yayi ne na 'yan boko da matan da suke ƙyuyar aikin gida. A nawa ganin wannan fassara ta yi gajarta, domin abin da mai sayen yake biya da ƙarin kuɗinsa shi ne tabbas: tabbacin yawan abin da ya saya, da tabbacin lokacin da zai ɗauke shi kafin ya shiga tukunya.

Neman daidaito a rabon nama ba baƙon abu ba ne wurin Bahaushe, kuma watanda ita ce shaida. Idan Ƙaramar Salla ta matso, mutanen unguwa ko ma'aikatan ofis ɗaya sukan yi karo-karo su sayi sa, a yanka, a kasa shi kashi ashirin ko talatin, a tabbatar kowane kaso ya sami tsoka da ƙashi da kitse da ɗan kayan ciki daidai da na ɗan'uwansa. Wanda ya taɓa tsayawa wurin ya ga yadda ake ɗauke tsoka ɗaya daga wannan tuli a mayar wancan har sai kowa ya gamsu. Ledar kilo ta yau watanda ce da aka cire mata lokaci da jama'a: ba sai an jira Salla ba, ba sai an tara mutum ashirin ba, sikeli kuma ya karɓi aikin dattijon da yake raba gardama.

Dalili na farko da ya sa buƙatar take ƙaruwa shi ne yadda gidan birni ya sauya. A babban gida na da, akwai matan 'yan'uwa da 'yan mata da yara, saboda haka idan maigida ya shigo da kaza biyu a rataye, ba a rasa mai ɗora ruwan zafi, mai figa, mai fafe ciki. Yau a Kinkinau ko Unguwar Dosa za ka sami mata da miji da 'ya'ya uku a ɗaki biyu da falo, matar malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar jinya ko mai sana'a a gida, mijin ƙila ma a Abuja yake aiki, sai ƙarshen mako jirgin ƙasa ya sauke shi a Rigasa. Matar da ta dawo gida bayan La'asar tana son ta sauke abinci kafin Magariba ba ta da sa'ar da za ta ɓatar wurin wanke hanji, aikin da yake cin ruwa bokiti-bokiti a garin da gidaje da dama sayen ruwan suke yi daga 'yan garuwa. Babbakar kai da ƙafa kuwa tana son tsakar gida da itace, alhali gidan haya na bene ba shi da ko ɗaya. Aikin gyaran nama bai ragu ba, wurin yinsa ne ya tashi daga madafi ya koma hannun mai sayarwa, shi kuma ya sa masa kuɗi.

Dalili na biyu yana iya zama abin mamaki, domin tsadar rayuwa ce, wadda mutum zai zaci korar mutane za ta yi daga kanti. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ɗauko dabba daga kara zuwa kwata ya tashi, kuma a tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Mahaucin tebur ba ya iya cewa "na dubu biyar" ya koma dubu bakwai, sai dai ya rage yankan a hankali, yau tsoka tara, wata mai zuwa bakwai, mai saye yana jin an ƙware shi amma ba shi da hujjar da zai kama. Kilo yana fito da tsadar fili. Idan ya tashi, kowa ya ga ya tashi, kuma mai albashi zai iya zama da biro ya ce kilo uku ne na gidansa a wata, a raba shi leda shida, kowace leda miyar kwana biyar. Masu abincin sayarwa da masu girkin biki sun fi kowa matsuwa da wannan lissafi, domin wadda ta karɓi kwangilar ciyar da mutum 300 tana buƙatar yanka 300 masu girma ɗaya, in ba haka ba ko dai ta yi asara ko kuma a tashi taro ana cewa an yi son kai a rabon nama.

Ba a banza kaza ta riga saniya shiga wannan tsari ba. Kajin gidan gona na nama sukan isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, kuma da yake irinsu ɗaya, abincinsu ɗaya, ranar ƙyanƙyasarsu ɗaya, nauyinsu yakan zo kusa da juna, ta yadda mai kanti zai iya yin alkawarin cinya mai girma kaza ya kuma cika. Jihar Kaduna tana da gata a wannan fanni, ga masara da waken suya da ake nomawa a cikinta, ga katafariyar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa da kamfanin Olam ya buɗe a Ƙaramar Hukumar Chikun a 2017, ga kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya. Haramcin shigo da daskararrun kaji daga waje, wanda yake nan tun farkon shekarun 2000, shi ma ya bar wa masu kiwon gida fili, duk da cewa fasa-ƙwauri bai taɓa tsayawa cak ba.

Saniya kuwa labarinta daban ne, kuma a nan ne wahalar take. Shanun da suke shigowa Zangon Tudun Wada ba daga gona ɗaya suke ba. Akwai Bunaji, akwai Bokoloji, akwai Rahaji, akwai bijimin da aka turke aka yi masa kiwon dusa, akwai tsohuwar saniyar da ta gama haihuwa, akwai san noma da ya shekara yana jan garma. Na kaka jikinsu a murje, na bazara haƙarƙari a waje. Duk da ido ake sayensu, dillali ya shiga tsakani ya karɓi la'adarsa, babu mai ɗora dabba a sikeli. Wanda ya saya da ido zai sayar da kilo ya ɗauki kasada a wuyansa, domin sai an feɗe zai san ko ya ci riba. A ce ya sayi sa mai nauyin kilo 300. Bayan an cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki da jini, abin da zai rage a rataye bai fi kusan rabin wannan nauyi ba, idan kuma aka zare ƙashi aka rage kitse da jijiya, tsokar da za a liƙe a leda za ta tsaya wajen kashi biyu cikin uku na wannan rabin. Mahaucin tebur yana da hanyar da yake bi ya sayar da sa gaba ɗayansa, tunda kowane mai saye, ko yana so ko ba ya so, sai ya tafi da ɗan ƙashi da ɗan kitse. Mai ledar "tsoka zalla" ya rufe wa kansa wannan ƙofa. Dole ya nemo wa ƙashi mai saye, ya nemo wa kitse, ya nemo wa huhu da saifa, in kuwa bai samu ba, sai ya ɗora kuɗinsu a kan tsokar. Wannan ne ya sa kwatanta kilon kanti da kilon kasuwa yakan ruɗi mutane, domin ba abu ɗaya ake aunawa ba.

Sai dai duk wannan lissafi mai sauƙi ne idan aka zo batun sanyi. Tsarin gargajiya, duk da ƙudajensa da ƙurarsa, yana da kariya guda da ba a cika yaba mata ba, wato gajartar lokaci: a yanka da asuba, a sayar kafin Azahar, a dafa kafin dare, abin da ya yi kwantai kuma ya tafi wurin mai tsire ko mai balangu. Naman leda an yi shi ne don ya jira, kuma jiran nan ba ya yiwuwa sai da sanyin da ba ya yankewa. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce ɗanyen nama ya zauna a sanyin da bai wuce digiri 4 ba idan kwana kaɗan zai yi, idan kuwa ajiya ce mai tsawo, a daskarar da shi a digiri 18 ƙasa da sifiri. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri, zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu kuwa a tsakiyar wannan tazara yake zaune. Ƙari a kan haka, duk yadda aka ƙara yanyanka nama, haka ake ƙara fuskokin da wuƙa da katako da hannu suka taɓa, shi ya sa niƙaƙƙen nama ya fi kowane iri saurin lalacewa. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar, kwantar da su kawai take yi, da zarar nama ya saki su farka su ci gaba daga inda suka tsaya.

Mai saye mai lura yana iya karanta tarihin leda da idonsa. Idan ka ɗaga ta ka ga jan ruwa ya taru a kusurwa ɗaya ya zama ƙanƙara, yankan naman sun manne sun zama dunƙule guda, gefensu ya yi fari-fari kamar an ƙona shi, to wannan nama ya narke ya sake daskarewa, wataƙila ba sau ɗaya ba. Na taɓa sayen irin wannan a wani kanti, kaza ce fes a ido, amma da aka bar ta ta huce a roba sai ga ruwa ya kusa cika kofi, ga wani ɗan bashi da citta da tafarnuwa ba su iya ɓoyewa ba. Ba lallai mai kantin mugu ba ne. Wuta ce ta ɗauke da dare, man janareta ya yi tsada, ya ce bari ya kashe zuwa safiya tunda firizar a rufe take. Tun watan Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, mai firiza ya shiga tsaka mai wuya: inda wutar take samuwa ta yi tsada, inda take da araha ba ta zama. Shi ya sa firiza mai aiki da sola ta zama jarin da ya fi gilashi da fitilun ado muhimmanci a wannan sana'a, ko da yake mai saye ba ya ganinta daga bakin ƙofa.

Daga nan sai tambayar amana, wadda ta fi nauyi a gari irin Kaduna inda Musulmi da Kirista suke cefane a kasuwa ɗaya. A gaban tebur, mai saye yana ganin cinyar sa a rataye, wani lokaci har da wutsiyarta, ya san mahaucin, ya san gidansu, ya san akwai Sarkin Fawa da za a kai wa ƙara. Tsokar da aka yanka ƙanana aka liƙe ba ta faɗin ko ta wace dabba ce, balle wanda ya yanka ta, ko ya ambaci sunan Allah, ko ma da ranta aka sa mata wuƙa. A kwata akwai likitocin dabbobi da aikinsu shi ne duba dabba kafin yanka da bayansa, su kama huhu mai tarin fuka ko hanta mai tsutsa su hana a sayar. Wanda ya yanka a bayan gida ya liƙe a leda mai kyau ya tsallake wannan mataki, kuma kyan ledar ne ma zai sa a ƙi yi masa tambaya. Lokacin da aka tabbatar da ɓullar ciwon saifa na dabbobi, wanda likitoci suke kira antiraks, a wata gona da ke yankin Suleja a watan Yulin 2023, abin da kowa ya so ya sani shi ne daga ina naman da ke gabansa ya fito, kuma leda marar rubutu ba ta da amsa. Takardar da ta dace a manna ba doguwa ba ce: irin dabbar, inda aka yanka ta, ranar yanka, ranar liƙewa, da nauyin naman ba tare da ƙanƙara ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin tauye mudu na zamani ba sai an taɓa sikeli ba, ya isa a jiƙa kaza da ruwa kafin a daskarar da ita, mai saye ya biya kuɗin ƙanƙara da farashin nama. Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, tana da hurumi a kan abincin da aka ƙunshe don sayarwa, akwai kuma sashen awo da ma'auni a Ma'aikatar Masana'antu da Kasuwanci ta Tarayya, amma mai sayarwa daga firizar falonta ta hanyar waya ta yi musu nisa.

Akwai kuma batun baki, wanda masu kwaikwayon kantunan Turai sukan manta da shi. Yankan da Bature ya tsara na gashi ne da suyar mintuna, shi ya sa yake neman tsoka mai laushi wadda aka rataye kwanaki a sanyi. Tukunyar Bahaushe kuwa dahuwa take yi mai tsawo, kuma miyar kuka ko taushe da babu ƙashi da ɓargo a cikinta ba ta cika miya ba. Mai farfesu haƙarƙari da bindi yake nema, mai dambun nama tsokar cinya marar kitse, mai kilishi faffaɗar tsoka da za ta shimfiɗu, tozo kuwa ba ya kwana a tebur. Masu sayarwar da suka gane wannan sun daina kiran kayansu da sunayen da ba kowa ya sani ba, sun koma cewa ga naman miya, ga na suya, ga na farfesu, kowane da gwargwadon ƙashinsa. Wannan dabara tana warware musu rabin matsalar da na ambata a baya, tunda ƙashi ya sami gurbi a cikin leda da sanin mai saye da yardarsa.

Ba na zaton manyan kantuna ne za su cinye wannan kasuwa. Shoprite, wanda ya shigo Najeriya a 2005 ya kuma koya wa mutane da yawa ganin nama a faranti da lambar farashi, ya rufe reshensa na Kano a watan Janairun 2024, abin da ya nuna cewa haya da wuta da raunin aljihun jama'a suna iya durƙusar da babba. Mafi yawan mutanen Rigasa da Tudun Wada ba su da firjin da zai riƙe nama mako guda, sayen yau don yau suke yi, na ɗari biyar ko na dubu, wani lokaci bashi, kuma babu kantin da zai ce wa mace, "Je ki da shi, Inna, kya kawo gobe." Wanda ya fi kowa dacewa da cin moriyar sauyin shi ne mahaucin da ya gaji sana'ar, in har ya yarda ya ƙara abu uku a kan wuƙarsa, wato sikeli mai nuna lamba, firizar da ba ta mutuwa, da waya. An riga an fara ganin irinsu: Hajiya ta kira da safe ta ce kilo biyu na miya, a yanka ƙanana, a raba leda huɗu, shi kuma ya aika kafin rana ta take. Yaran da suke fige kaji a bakin kasuwa su ma irin wannan aiki suke yi tun kafin a ba shi suna, abin da suka rasa kawai shi ne ruwa mai gudu da daɓen da ake wankewa, maimakon garwar ruwan zafi guda da kaji hamsin za su bi ta cikinta.

Abin da ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba shi ne gyaran kwata da hanyar da nama yake bi daga can zuwa tebur. Duk tsabtar kanti, idan an feɗe san a ƙasa kusa da magudanar jini, aka loda shi a Keke Napep ba rufi aka ratsa ƙurar gari da shi, leda ta zo a makare. Jihar Legas ta daɗe da hana ɗaukar nama a fili, ta tilasta amfani da motoci na musamman daga mayankar Oko-Oba da ke Agege, kuma ko can ba a rasa masu karya dokar. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi, aka naɗa Idi Mukhtar Maiha ministanta, amma mayankun gari a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, su ne kuma suke karɓar kuɗi a kan kowace dabba da aka kayar. Ƙugiyoyin rataye nama, da rijiyar burtsatse, da ɗakin sanyi mai sola wanda mahauta za su riƙa biyan haya gwargwadon abin da suka ajiye, da sikelin auna dabba da ranta a Zango, duk ba su fi ƙarfin wannan kuɗin shiga ba idan ana mayar da shi inda aka karɓe shi.